Tambari Ne Ke Kawo Mabiya? Sharhi Kan Ra'ayin "Kasuwar Addini"

Mai karatu, idan kana bin hanyar Zariya zuwa Kano, ko ka ratse ta Hunkuyi ka nufi garuruwan Kudan irin su Taba, ɗan bar kallon gonakin rake da masara ka koma kallon bango da bayan motoci. Za ka ga allon makarantar Islamiyya mai zanen dabino da takubba biyu. Za ka ga hoton Shehi a gilashin bayan bas. Ga fostar wa'azi, ga ta Maulidi, wani lokacin har da sitikar coci a jikin motar da ta fito daga Kaduna. Ko harafi ɗaya ba ka karanta ba, amma ka riga ka san kowanne na su wane ne.

Wannan ganewa ta kallo ɗaya ita ce kamfanoni ke zubar da maƙudan kuɗi domin su samu. Shi ya sa wasu masana zamantakewa suka ce ai magana a fili take: sababbin ƙungiyoyin addini sun ari dabarun 'yan kasuwa ne, kuma da waɗannan dabaru suke jawo mabiya. Ra'ayin yana da daɗin ji, musamman in ƙungiyar da ake magana a kanta ba taka ba ce. A yau za mu ɗora shi a sikeli mu ga nauyinsa.

Abu biyu kafin mu yi nisa. Na farko, in na ce "sabuwar ƙungiya" ba sabon addini nake nufi ba; ina nufin jama'ar da ta taru a ƙarƙashin suna da shugabanci da tsari a cikin shekaru 100 ɗin nan, ko da abin da take kira a kai tsoho ne. Na biyu, wannan ba zauren muhawarar aƙida ba ne. Wane ne ke kan daidai, wannan ba tambayar da ɗakin gwaji ke amsawa ba ce. Abin da kimiyya za ta iya dubawa shi ne yadda mutum ke shiga, da abin da ke samun kunnensa bayan ya shiga.

Mene ne tambari?

A Hausa kalmar tana da fuska biyu. Akwai tambarin da ake bugawa a ƙofar fada, wanda ko daga nesa ka ji shi ka san na sarki ne. Akwai kuma tambarin da ake bugawa a takarda ko a jikin buhu. Dukansu aikinsu ɗaya, su faɗi mai abu. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ma asalinta daga shaidar da ake yi wa shanu da ƙarfe mai zafi ta fito.

A kasuwa, tambari ya wuce zane. Je ki shago ki ce a ba ki omo, mai shago zai miƙo miki duk garin sabulun da yake da shi, don sunan Omo ya cinye sauran. Haka magi. Manomin da bai yi boko ba yana gane maganin feshin da ya yi masa aiki bara ta launin galan da hoton da ke jiki. Ka ga ke nan tambari yana yin aiki uku: yana sa a gane abu da sauri, yana ɗauke da alkawarin cewa na yau daidai yake da na jiya, sannan yana sa mai amfani da shi ya ji shi ma yana cikin wasu irin mutane.

A 2008 wata malamar jami'a a birnin New York, Mara Einstein, wadda ta taɓa yin aikin talla a gidajen talabijin, ta fitar da littafi mai suna Brands of Faith. Hujjarta ita ce a Amurka, inda mutum ke zaɓar wurin ibadarsa kuma wurin ibadar ke gogayya da talabijin da wuraren shaƙatawa, dole addini ya zo da suna, da alama, da labari, da fuskar jagora, kamar kowace haja. Ta kawo misalin mai wa'azin talabijin Joel Osteen, da cibiyar Kabbalah wadda mabiyanta ke ɗaura jan zare a hannu. A ƙarƙashin littafin akwai wani tsohon ra'ayi na masana irin su Rodney Stark da Roger Finke da Laurence Iannaccone, cewa ana iya nazarin addini kamar kasuwa: ga masu kawo kaya, ga masu saye, ga gasa.

Inda ra'ayin ya faɗi gaskiya

Gaskiya ɗaya ce, duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ce babu komai a maganar ba.

Ɗauki Izala. An kafa ta a Jos a 1978 a ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, amma kafin nan muryar Sheikh Abubakar Gumi ta riga ta shiga gidaje ta tafsirin da Rediyon Kaduna ke watsawa daga Masallacin Sultan Bello. Ƙungiyar ta zo da dogon suna na Larabci wanda baki ya taƙaita zuwa kalma ɗaya mai sauƙin faɗa. Ta zo da alama, da 'yan agaji masu kaki da fareti, da wa'azin ƙasa da na jiha da na ƙaramar hukuma, da tara fatun layya duk shekara. Har da sauti: malami na bayani, alaramma na jan baƙi, jama'a na amsawa da kabbara. Kaset ya kai wannan salo lungu-lungu, yadda ko a shagon mai gyaran rediyo ka ji shi sai ka gane. Yau aikin ya koma tashar Manara da Facebook da TikTok.

Kada ka ɗauka su suka fara. Tun shekarun 1950 Sheikh Nasiru Kabara ya fito da Ƙadiriyya fili a Kano da bandiri da Maukibi. Failar Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975, ta bazu da zikiri a bainar jama'a, da waƙoƙin bege, da hotunansa, wanda har gobe suna cikin hotunan da aka fi liƙawa a motocin haya. An kafa Fityanul Islam a Kano a 1963, ita ma da nata 'yan agajin. Akwai lokacin da sallah da ƙabalu kaɗai ta isa a ce wane ɗan Faila ne, har aka yi ta rikici a kan ƙabalu da sadalu. Da 'yan Izala suka zo su ma suna ƙabalu, sai alamar ta daina rarrabewa, ido ya koma kallon tsawon wando da gemu da carbi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan: alamar da kowa ya ɗauka ta tashi daga aiki.

Nan kusa da mu, Zariya ta haifi Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky, wanda ya fito daga gwagwarmayar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970. Ga baƙaƙen kaya a Ashura, ga tutoci, ga Hurras masu kaki, ga jaridar Almizan, ga makarantun Fudiyya. Mutanen Tashar Yari da kewaye sun ga tattakin Arba'in da idonsu, jama'a a ƙafa daga Kano zuwa Zariya.

A ɓangaren Kirista, cocin Living Faith, wato Winners, a Kaduna ta fara zama da gindinta a 1983, kuma ta shahara da sitikar da ke sauya take duk shekara. Cocin Redeemed ta rubuta a manufofinta cewa tana so a samu reshenta a tafiyar minti 5 a ƙafa, lissafin da bai bambanta da na kamfanin da ke buɗe rassa ba. A Legas kuma NASFAT, da aka kafa a 1995, ta sa taronta ranar Lahadi da safe, daidai lokacin coci, har ta fitar da lemon malt mai suna Nasmalt.

To, me ya sa irin waɗannan abubuwa ke tasiri? Akwai gwaje-gwaje uku da suka shafi maganar.

A 1968 Robert Zajonc ya nuna wa mutane kalmomin da ba su da ma'ana a wurinsu da hotunan fuskokin da ba su sani ba, wasu sau 1, wasu har sau 25. Da aka tambaye su wanne ya fi kwanta musu, sai suka fi zaɓar wanda suka fi gani. Babu hujja, babu bayani, maimaici kawai. Bahaushe ya riga shi da ya ce sabo turken wawa.

A 1971 Henri Tajfel da abokan aikinsa suka raba 'yan makaranta a Bristol ta Ingila gida biyu, wai bisa zanen wane mai zane suka fi so. Yaran ba su ma san su waye 'yan gidansu ba. Duk da haka, da aka ba su damar raba lada, sai kowa ya fifita ɗan gidansa. Suna kawai aka ba su, sai ga "mu" da "su".

A 2009 Scott Wiltermuth da Chip Heath suka sa wasu mutane tafiya da taku ɗaya ko rera waƙa tare, wasu kuma kowa da nasa. Waɗanda suka yi taku ɗaya sun fi haɗa kai daga baya, har a wasan da mutum ke sadaukar da ribarsa don amfanin rukuni. In ka taɓa tsayawa a tsakiyar zikiri, ko fareti, ko muzahara, ko waƙar coci, ka san abin da ake faɗa.

Zuwa nan sai ka ce shi ke nan, an gama. A'a, da sauran rina a kaba.

Inda ra'ayin ya yi tuntuɓe

Lura da kyau: duk gwaje-gwajen nan sun nuna yadda alama ke sa abu ya kwanta wa mutum, ko ta ƙara danƙon waɗanda ke ciki. Babu wanda ya nuna cewa alama na ɗauko baƙo daga waje ta shigo da shi. Da masana suka je suka zauna da sababbin ƙungiyoyi suna ƙirga masu shiga, wani abu daban suka tarar.

A farkon shekarun 1960 John Lofland da Rodney Stark suka bi wani ƙaramin rukuni na mabiyan Sun Myung Moon, mutumin Koriya, a yankin San Francisco. Rukunin ya gwada sanarwa a rediyo, ya gwada jarida, ya kama zauren taro. Kusan duk a banza. Waɗanda suka shiga, 'yan uwa ne da abokai da maƙwabtan waɗanda ke ciki. Sakamakon da suka buga a 1965 shi ne mutum yakan shiga ne idan shaƙuwarsa da na ciki ta rinjayi shaƙuwarsa da na waje, aƙidar kuma sau da yawa daga baya yake koyonta.

A 1980 Stark da William Bainbridge suka duba alƙaluman masu wa'azin Mormon, waɗanda duniya ta san su da farar riga da lakatayi da baƙin bajo a ƙirji. In sun ƙwanƙwasa ƙofar baƙo, kusan mutum 1 cikin 1,000 ne ke shiga. In kuwa a gidan wani ɗan uwa ko aboki da ke cikin cocin aka haɗa su da mutum, kusan rabi ne ke shiga. Riga ɗaya, bajo ɗaya, littafi ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya shimfiɗa tabarmar.

Eileen Barker kuma ta bi mutum sama da 1,000 da suka halarci taron kwana 2 na mabiyan Moon a Landan a 1979, taron da jaridu ke cewa wanke ƙwaƙwalwa ake yi a ciki. Kusan 90 cikin 100 sun tafi abinsu. Bayan shekara 2, waɗanda suka rage ba su wuce kusan 5 cikin 100 ba.

Yanzu dawo gida ka yi wa kanka tambaya. Wanda ka sani da ya koma Izala, ko ya karɓi ɗariƙa, ko ya shiga Harka, fosta ce ta kai shi? Ko kuwa wan da ya dawo daga makaranta a Zariya, ko maigidan da yake yi wa jiran shago, ko abokin da suke kai rake kasuwar Maƙarfi tare, ko mijin da aka aura mata? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan shi ne rauni na farko na ra'ayin tambari: ya ga tuta a kan gida, sai ya ɗauka tutar ce ta tara mutanen gidan.

Rauni na biyu, ya raina abin da ke cikin buhun. Ousmane Kane, a littafinsa na 2003 kan Izala a Kano, ya nuna cewa saƙon ƙungiyar ya dace da bukatun wasu mutane na zahiri: matasa da 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka gaji da ɗawainiyar biki da suna, da durƙuso, da jiran sai wani ya fassara musu addini. Ga kuma makarantun matan aure. Emmanuel Grégoire ya ga irin haka a tsakanin matasan 'yan kasuwar Maraɗi. Su ma ɗariƙu abin da ke riƙe da mutanensu ba hoto ba ne: akwai tarbiyya, da natsuwar zikiri, da zawiyar da baƙo zai sauka a ba shi tuwo tun daga Kano har Kumasi. Wanda ya ce duk talla ce, ya mai da miliyoyin mutane wawaye ke nan, kuma bai bayyana dalilin da ya sa ƙungiyoyi da yawa masu kyan fosta suka mutu ba a ji labarinsu ba.

Rauni na uku shi ne farashi. Kamfani yana tambari ne don ya sauƙaƙa maka saye. Ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi kuwa tsada suke sa wa shiga. Iannaccone da kansa ya yi bayanin haka a 1994: tsauri yana tace 'yan rakiya, ya bar waɗanda za su ba da lokaci da dukiya. Richard Sosis da Eric Bressler sun duba ƙauyukan jama'a 83 da aka kafa a Amurka a ƙarni na 19, suka ga cewa a cikin na addini, waɗanda suka fi ɗora wa mabiya takura su suka fi daɗewa. Ka tuna saurayin shekarun 1980 da mahaifinsa ya kora don ya daina bin limamin unguwa. Ka tuna Disambar 2015 a Zariya, inda kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya ba da rahoton binne mutum 347 a kabari ɗaya bayan arangamar sojoji da 'yan Harka, sannan jihar ta haramta ƙungiyar a 2016, gwamnatin tarayya ta bi baya a 2019. Mutumin da ya sa baƙaƙen kaya bayan wannan, ko me kake gani game da aƙidarsa, ba sayayya yake yi ba. Babu wanda ke mutuwa a kan Omo.

Na huɗu, sunan ma ba kullum yake hannun mai shi ba. Muhammadu Marwa bai kira kansa Maitatsine ba, mutanen Kano ne suka laƙaba masa saboda yawan tsinuwarsa. "Boko Haram" ma jama'a ce ta raɗa, masu ƙungiyar sun sha cewa ba sunansu ba ne. Ban kawo waɗannan biyu don in haɗa su da ƙungiyoyin da na ambata a baya ba, Allah ya kiyaye. Na kawo su ne don ka ga cewa a ƙasar Hausa bakin mutane ya fi ofishin talla ƙarfi.

To ina tambari yake aikinsa?

Ga inda nake ganin masu ra'ayin sun nemi ɓarawo a ƙofar da bai bi ba. Sun tsaya a bakin ƙofa suna tambaya yadda alama ke shigo da mutum, alhali babban aikinta a cikin ɗaki take yin sa. Bayan ka shiga, ita ce ke gaya maka wanda za ka saurara da wanda za ka toshe wa kunne, tun kafin ya buɗe baki.

A 2003 Geoffrey Cohen ya ba ɗaliban Jami'ar Yale bayanin wani tsarin tallafa wa talakawa. Wasu an ba su mai yalwa, wasu mai tsauri. In ba a faɗi jam'iyyar da ke goyon bayansa ba, kowa na yin hukunci bisa abin da ke cikin tsarin. Da zarar an ce "jam'iyyarku ce ta kawo shi", sai su amince, ko da ya saba wa abin da suka saba faɗa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne da aka tambaye su, sun ce sam sunan jam'iyya bai taɓa su ba, amma sun tabbata yana juya 'yan ɗaya ɓangaren.

A Jami'ar Aarhus ta Denmak, Uffe Schjoedt da abokan aikinsa sun sa mutum 36 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, rabinsu Kiristoci masu imani da warkarwa ta addu'a, aka kunna musu addu'o'i. An ce musu wannan murya ta wanda ba Kirista ba ce, wannan ta Kirista ce, wannan kuma ta wani da ya shahara da warkarwa. Alhali duk masu addu'ar Kiristoci ne na gama-gari. A wurin masu imanin, jin cewa "mai warkarwa ne" ya rage aikin sassan gaban ƙwaƙwalwa da ke kula da sa ido da tantancewa. Mutum 36 ba su da yawa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ba ya nufin hankali ya tafi hutu. Amma sakamakon ya tafi daidai da na Cohen: laƙabin da aka manna wa mai magana yana canza yadda ake jin maganar.

Yanzu kalli wayarka. Bidiyon minti ɗaya ya shigo zauren WhatsApp. Kafin malamin ya gama sallama, idonka ya sauka a kusurwar da tambarin yake, ya duba hula da rawani, ya karanta sunan shafin. Cikin daƙiƙa biyu ka yanke: "namu ne", ka tura gaba, ko "nasu ne", ka nemi inda ya yi kuskure. Manhajojin kuma an gina su ne su ƙara maka irin abin da ka tsaya a kai, don haka gwajin Zajonc ake yi a kanka safe da yamma.

A gari kamar Taba, ko Ikara, ko kowane gari da kowa ɗan uwan kowa ne, kuɗin wannan ba a intanet ake biyansa ba. Ana biyansa ne a wurin neman aure, da wurin jana'iza, da ranar da za a zaɓi wanda zai ja sallah. Ana biyansa ranar da ma'aikaciyar lafiya ta zo da bayanin rigakafi, ko malamin gona ya zo da gargaɗi kan maganin feshi, sai tambayar farko ta zama ba "me ya ce?" ba, "ɗan wane ɓangare ne?"

Wani zai ce: to ai duba mai magana ba laifi ba ne, malaman hadisi ma sun yi. Haka ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Babu mai lokacin bincika komai da kansa. Ni ma da nake ɗakin gwaji, yawancin abin da na sani amana ce na karɓa daga wasu. Amma dubi abin da masu tantance maruwaita suke tambaya: mutumin nan yana ƙarya? Haddarsa na da kyau? Ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Abin da ya faɗa ya dace da na sauran amintattu? Wannan bincike ne a kan mutum ɗaya-ɗaya, kuma yana iya kayar da na gida ya tsayar da na waje. Tambari kuwa jimla yake yi: duk mai irin hularmu amintacce, duk mai irin tasu abin zargi. Na farko aiki ne, na biyu gudun aiki ne.

Abin da za ka iya gwadawa

Gwaje-gwajen da na lissafa kusan duk a Amurka da Turai aka yi su. Wani nazari na 2008 ya gano cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Don haka a wurinmu hasashe ne mai ƙarfi da ke jiran a gwada shi da Hausa, kuma gwajin ba shi da tsada. A rubuta gajeriyar nasiha ɗaya wadda babu saɓani a kanta, misali kan cika mudu ko haƙƙin maƙwabci. A buga ta kala uku: ɗaya da tambarin wannan ɓangare, ɗaya da na wancan, ɗaya babu komai. A raba ta hanyar ƙuri'a ga mutum 300 a kasuwannin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da izininsu da na shugabanninsu, a tambayi kowa yadda ya ga ingancinta. Ɗalibin digiri na biyu zai iya gama wannan a zango ɗaya.

Kafin a samu mai yi, kai ma kana da ɗakin gwaji a aljihunka. In bidiyo ya shigo, sa babban yatsa ka rufe kusurwar da tambarin yake, ka saurara har ƙarshe. Sannan ka tambayi kanka abu uku. Me ya faɗa, in an cire sautin da aka ɗora da kirarin da aka rubuta a sama? Wace hujja ya kawo, kuma zan iya bin ta in duba? Da a ce malamin ɗaya ɓangaren ne ya faɗi wannan magana kalma da kalma, zan tura ta gaba ko zan yi mata raddi?

Ta ukun ita ce mai ciwo. In amsarka ta canza saboda mai faɗa ya canza, to ba maganar ka auna ba, buhun ka auna. Kuma ka tuna ɗaliban Cohen: kowannensu ya rantse cewa wannan cuta ta 'yan ɗaya ɓangaren ce. In tun da ka fara karatun nan wata ƙungiya ce ke zuwa maka a rai, ba taka ba, sake gwajin da bidiyon malaminku.